Darasi na 9: Yadda Ake Rataye Jita a Bango

Jita ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A Agadas da ita ake raƙashewa a bikin aure. A Jos da Kaduna ana kaɗa ta a coci da ɗakunan ɗaukar waƙa. Amma da yawa daga masu ita, in sun gama kiɗa, sai su jingina ta a lungun ɗaki su yi gaba. Yaro ya zo da gudu ya ture ta, ko mai shara ta buge ta da tsintsiya, ko ruwan sama ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa mata gindi. Wannan darasi zai koya maka yadda za ka ɗaga ta daga ƙasa, ka rataye ta inda ido zai gan ta, hannu kuma ya kai gare ta.

Shin ratayewa tana ɓata wuya?

Wannan ita ce tambayar da ɗalibai suka fi yi mini. Amsa ita ce a'a. Jita ta katako, wadda ba ta amfani da wuta, nauyinta bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Mai amfani da wuta takan kai kilo 3 zuwa 5. Su kuwa tsirkiyoyin ƙarfe guda 6, in an ɗaure su daidai, jan da suke yi wa wuyan ya kai kusan kilo 70, dare da rana. Wuyan da ya jure wannan, nauyin jikin jitar ba zai dame shi ba. Abin tsoro yana wajen bangon da kuma iskar ɗakin.

Maratayi

Maratayin jita ƙarfe ne mai baki biyu kamar gwafa. Wuyan jitar yana shiga tsakiya, faɗin kanta kuma ya zauna a kan bakunan biyu. Akwai na kanti, kuma mai walda zai iya lanƙwasa maka shi da ɗan guntun rodi. Kafin ka je wurinsa, auna faɗin wuyan jitarka a daidai ƙasan kai. Mai tsirkiyar ƙarfe takan yi santimita 4 da rabi, mai tsirkiyar roba kuwa ta ɗan haura 5. Bakin maratayin ya ɗan fi wuyan faɗi, amma kada ya kai faɗin kan. Ka ce wa mai walda ya ɗaga ƙarshen bakunan sama kaɗan, don kada jitar ta zame. Ya kuma ba shi tsawon da bayan jitar ba zai riƙa gogar bango ba.

Kada ƙarfe ya taɓa katako tsirara. Mutane sukan naɗa robar tayar keke, ni kuwa ba na son haka. Akwai fentin jita da roba ke narkar da shi a hankali, ta bar tabo mai danƙo a wuya. Tsumman auduga mai laushi ya fi. Yanki tsohuwar riga, ka naɗe bakunan ninki uku, ka ɗinke.

Bangon da za ka kafa

A nan nake so ka natsu. Wani maƙwabcina ya buga ƙusa mai inci 4 a bangon ɗakinsa, ya ɗaura igiya ya rataye jitarsa. Bangon na ƙasa ne, an yi masa shafen siminti, shi ya sa ya yi kama da mai ƙarfi. Da damina ta kankama, ƙasar ciki ta sha danshi ta saki ƙusar. Cikin dare jitar ta faɗo, kan ya karye daga wuya. An yi gam, amma muryarta ba ta dawo kamar dā ba. Har yau in na tuna abin yana yi mini ciwo, don na san watannin da ya yi yana tara kuɗinta.

Saboda haka fara sanin irin bangonka. Ƙwanƙwasa shi da yatsa ka saurara.

In na bulo ne, ka tuna cikin bulo akwai rami. Wurin da ya yi ƙarar fanko, fatar bulon kawai ke nan. Nemi inda ƙarar ta yi nauyi. Huda da injin huda bango, ka cusa fishar roba mai milimita 8, wato ɗan bututun robar da ke riƙe sukuru a bango, sannan ka ɗaure da sukuru guda 2 masu tsawon santimita 5 ko 6. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba, domin kullum ka ɗauki jitar ka mayar, tana ɗan motsi har ramin ya buɗe. Kada ka huda a miƙe sama ko ƙasa da soket ko makunnin fitila, nan wayar wuta take bi.

In na ƙasa ne, kada ka dogara da shi ko kaɗan. Sa kafinta ya yanko maka katako mai kauri, tsawonsa kamar mita 2. Ka tsayar da shi jikin bango, gindinsa a kan dutse ko guntun bulo saboda gara, samansa kuma a ɗaure tam da azara. A jikin wannan katakon za ka kafa maratayin. Ta haka nauyi yana sauka ƙasa, bango bai ɗauki komai ba.

In ka gama, kada ka fara da jitar. Cika jarka mai lita 10 da ruwa, wato kilo 10 ke nan, ka rataya ta kwana. Da safe in maratayin bai sunkuya ba, bismillah.

Tsawon jita kusan mita 1 ne. In ka kafa maratayi a santimita 180 daga ƙasa, gindinta zai tsaya wajen santimita 95 zuwa 100 daga ƙasa. Gidan da ke da yara masu ƙiriniya, a ƙara sama. In jitar ta fi ɗaya, bar santimita 50 tsakanin maratayi da maratayi.

Rana, hunturu da damina

Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Jita ta fi jin daɗin iska mai danshin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A tsakiyar hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, danshin iska a Kano ko Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20. Yadda diddige ke yin faso, haka fuskar jita ke tsagewa. Alamar farko, in ka shafa gefen wuyan za ka ji ƙarafunan da ke jere a kansa suna sukar hannu, don katakon ya tsuke ya bar su a waje. Da ka ji haka, sauke ta daga bango ka sa a jakarta. Jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa a kwanon sabulu mai huji, ka ajiye a cikin jakar ba tare da ya taɓa katako ba. Duba shi duk bayan kwana 2 ko 3. Adon bango ya jira sai iska ta sauya.

Da damina kuma tsatsa ce ke cin tsirkiya, don haka goge ta da busasshen tsumma duk ka gama kiɗa. Zaɓi bangon cikin gida, wanda ruwa ba ya duka ta baya. Nisanta ta daga taga mai shigo da rana, da murhu, da bayan ƙofa. Zafi yana sassauta gam ɗin da ya riƙe ta.

Mai gurmi, garaya ko molo ma ya amfana da wannan. Su ba su da faffaɗan kai, sai a ɗaura igiya a wuya a rataya, nesa da inda ɓera zai kai ga fatar.

Aikin gida

Auna faɗin wuyan jitarka ko ta wani, ka rubuta adadin a littafinka. Rubuta irin bangon ɗakinka, na bulo ne ko na ƙasa. Sannan ka yi wannan lissafi: bango mai faɗin santimita 200, in kowace jita tana bukatar santimita 50, jita nawa zai ɗauka? Ka zo da amsar ranar darasi na gaba.