Yadda Ake Ƙara wa Doki Sinadarin Zink a Abincinsa

A bargar Bauchi, abincin doki bai cika wuce harawar wake ko ta gyaɗa, da gero ko dawa, da dusa, sai kanwa da ake jiƙa masa lokaci zuwa lokaci ba. Wannan abinci yana riƙe doki, amma ba kullum yake cika masa buƙatarsa ta ƙananan sinadarai ba, musamman da rani idan ɗanyar ciyawa ta ƙare. Zink yana cikin waɗannan sinadarai, kuma da shi jiki yake gina fata da gashi da ƙofato, yake warkar da rauni, yake kuma ƙarfafa garkuwarsa. Kanwa ba ta maye gurbinsa, domin yawancin abin da ke cikinta dangin gishiri ne.

Kafin a sayi komai, sai a fara duba dokin da kyau. Ƙarancin zink yakan bayyana da zubewar gashi, da fata mai kauri da ɓawo, musamman a ƙafafu, da rashin cin abinci, da jinkirin girma ga dukushi. Sai dai kirci da ƙazuwa da tsutsar ciki da kaska duk suna iya kawo irin wannan kama, saboda haka wajibi ne likitan dabbobi ya fara kawar da su. Gwajin jini kaɗai ba ya nuna ainihin matsayin zink a jikin doki. Abin da ya fi amfani shi ne likita ya ɗebi harawa da dusar da ake ba shi ya aika ɗakin gwaji.

Bayan haka sai a san nauyinsa, domin a kansa lissafin yake tafiya. Inda babu sikeli, tef ɗin tela ya wadatar. A zagaya ƙirjin dokin daidai inda majayi yake kamawa, a rubuta da santimita, sannan a auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. A ninka awon ƙirjin da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Dokin da ƙirjinsa ya ba da 170, tsawonsa 145, zai kai kimanin kilo 350.

Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka, a ƙa'idojin ciyar da dawaki da ta fitar a 2007, ta sa miligiram 40 na zink a kowane kilo na busasshen abinci. Doki yakan ci kusan kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato dokin kilo 350 zai ci kamar kilo 7, buƙatarsa ta zink ta zama miligiram 280. Wannan jimilla ce ta yini gaba ɗaya, har da abin da ya riga ya samu a cikin harawa da hatsi, don haka giɓin da ya rage kawai ake cikewa. Goɗiya mai shayarwa da dokin da ake yawan sukuwa da shi sun fi buƙata kaɗan.

A nan ne masu dawaki suka fi yin kuskure, kuma abin yana damuna ƙwarai. Giram ɗaya tak na garin zink salfet, irin wanda ake sa wa a abincin dabbobi, yana ɗauke da kusan miligiram 350 na zink, ya ma zarce buƙatar yini guda. Wanda ya ɗebi cokali ya zuba a komi ya ninka abin da ake so sau da yawa. Zink idan ya yi yawa yana hana hanji tsotse sinadarin tagulla, kuma rashin tagulla yana kumbura gaɓoɓin dukushi, ya lalata guringuntsi, ya bar shi da ɗingishin da ba lallai ya warke ba. Shi ya sa ake tafiyar da su tare, kashi huɗu na zink ga kashi ɗaya na tagulla, wato dokin nan namu yana buƙatar miligiram 70 na tagulla a rana. A ganina, hanyar da ta fi aminci ita ce a sayi haɗin sinadarai da aka yi domin dawaki, a karanta jikin buhun, a duba adadin da aka rubuta gaban Zn (zink) da Cu (tagulla), a bi awon da likita ya yanke.

Kada a kuskura a ba doki haɗin da aka yi wa shanu ko kaji don yana da araha a kasuwa. Wasu suna ɗauke da maganin monensin, wanda kaɗan daga cikinsa yana illata zuciyar doki har ya kashe shi.

Wajen bayarwa, a yayyafa wa dusa ruwa ta yi danshi, a barbaɗa garin a cuɗa da hannu sosai, don kada ya taru a gindin komi ko dokin ya hure shi da hanci. A fara da rabin awo, a riƙa ƙarawa har a cika cikin mako guda zuwa kwana goma, kuma a ciyar da kowane doki a turkensa don kada ingarma mai ƙarfi ya cinye rabon na kusa da shi. Dusa kuwa kada ta rinjayi harawa, domin tana da wani sinadari mai ɗaure zink ya hana jiki amfana da shi. Ya kamata mai kula da barga ya san awon da kansa, ba maigida kaɗai ba, tun da shi ne yake zuba abincin safe da yamma.

Wanda yake son dokinsa ya fita da sheƙi a hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, to, ba ana saura mako biyu zai fara ba. Gashi yakan ɗauki makonni kafin ya canza. Ƙofato kuwa daga sama yake tsirowa, milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma sabo ba ya sauka ƙasa gaba ɗaya sai bayan wata tara zuwa shekara. A riƙa duba sashen da ke ƙarƙashin gashin ƙafa, inda sabon ƙofaton yake fitowa. Idan an yi wata uku babu wani sauyi a can ko a fata, kada a ƙara awo, a koma wurin likita a sake duba abincin da lafiyar dokin.