Yadda za ka auna ABU Zariya kafin ka cike fom: darajar karatu da zaman ɗalibai

Duk shekara da JAMB ta fara sayar da fom, yara da yawa a Arewa ba sa ko jinkiri wajen cike zaɓin farko, ABU Zariya kawai suke rubutawa. Ba laifinsu ba ne. Jami'ar da aka buɗe a 1962, mai ɗauke da sunan Sardauna Ahmadu Bello, wadda ta yaye marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da Namadi Sambo da Sanusi Lamiɗo Sanusi, ai ba ta buƙatar talla. Sai dai wannan suna na jami'ar ne gaba ɗayanta. Kai kuwa ƙanena, ko ke ƙanwata, a sashe guda za a yi karatun, a ɗaki guda za a kwana, tsawon shekara huɗu ko biyar ko shida. Waɗannan biyun ya kamata a bincika tun kafin a biya kuɗin fom.

Mataki na farko: binciki sashen da kake so

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, kwas-kwas take tantancewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ta ba shi cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, wani ta wucin gadi ta shekara biyu, wani ta hana shi, wanda kuma aka hana ba ya ɗaukar sababbin ɗalibai sai ya gyara. Don haka a jami'a ɗaya ana iya samun sashen da ke tashe, da wanda ke jan ƙafa. Nemi matsayin naka kwas ɗin a shafin hukumar ko a ofishin sashen.

Idan kwas na sana'a kake hari, akwai mai tantancewa na biyu. Likitanci na hannun MDCN, injiniyanci na hannun COREN, aikin lauya kuma na hannun majalisar da ke kula da makarantar horar da lauyoyi. Hukumar likitoci da ta lauyoyi har adadin ɗaliban da za a ɗauka suke ƙayyade wa kowace jami'a. Shi ya sa za ka ga yaro ya ci maki mai kyau amma bai samu likitanci ba, dangi su yi ta cewa an yi masa cuwa-cuwa, alhali gurbin ne ya cika.

Jerin nan na "jami'o'in da suka fi kowa" da ake yawo da shi a WhatsApp, kar ka ɗora rayuwarka a kansa. Wasu daga ciki yawan ambaton jami'a a intanet da takardun binciken malamanta suke ƙirgawa, ba abin da ɗan aji ɗaya ke samu a lakca ba. Abin da ya fi nuna ƙarfin wuri shi ne abin da ke ƙasa. A Samaru akwai cibiyar binciken aikin gona ta IAR, wadda manoma suka san irin masara da dawa da gyaɗarta. A Shika akwai NAPRI ta binciken dabbobi. Akwai kuma CERT, mai na'urar binciken nukiliya da ta fara aiki a 2004. Sashen zane da sassaƙa ya gaji sunan ƙungiyar masu zane ta Zariya ta 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, sashen tarihi kuma ba a zancensa ba a ambaci Dakta Yusufu Bala Usman ba. Mai son noma ko likitan dabbobi yana da hujja ta zahiri ta zaɓar Zariya.

Daga nan sai ka nemi ɗan aji uku ko aji huɗu a wannan sashe. Ɗan aji ɗaya har yanzu murnar samun gurbi ba ta sake shi ba, wanda ya gama shekara ashirin da suka wuce kuwa labarin zamaninsu zai ba ka. Ka tambaye shi mutum nawa ne a ajinsu, yaushe sakamako ke fitowa bayan jarrabawa, ana shiga ɗakin gwaji a taɓa kaya da hannu ko a allo ake gamawa, kuma 'yan aji huɗu na samun malaman da ke duba musu aikin bincike a kan lokaci. Amsar da zai ba ka cikin minti goma ta fi duk wata ƙasidar talla.

Mataki na biyu: san inda za a ajiye ka

ABU ba a wuri ɗaya take ba. Babbar harabar na Samaru, a kan hanyar Funtuwa. Masu karatun shari'a da harkokin mulki suna Kongo, can wajen Tudun Wada, cikin gari sosai. Ɗaliban likitanci suna farawa a Samaru, in sun kai matakin asibiti sai su koma Shika. Wanda ya kama ɗaki a Samaru alhali lakcarsa na Kongo, kuɗin bas zai cinye na abincinsa.

Mataki na uku: je ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Ka zo ranar aiki ana tsakiyar zangon karatu, ka iso kafin ƙarfe takwas na safe, ka tsaya bakin babban ɗakin lakca inda 'yan aji ɗaya ke ɗaukar kwasa-kwasan gama-gari. Za ka ga masu sammako sun jera littattafai a kan kujerun gaba suna kama wa abokansu wuri, 'yan latti kuma suna leƙe ta taga da littafi a hannu. Ka wuce allon sanarwa na sashen da kake so, ka karanta abin da aka liƙa. Ka zaga ta ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Da la'asar sai ka nufi wajen ɗakunan kwana, ka dubi layin bokitai a bakin famfo, ka ci abinci inda ɗalibai ke ci, ka tambayi farashi. In mace ce, a zo da Umma ko Yaya. Hankalin gida ya fi kwanciya in sun ga wurin da kansu, kuma wannan kan rage gardamar "ba za ki tafi nesa ba".

Mataki na huɗu: makwanci

A ganina rabin zaman jami'a a nan yake. Akwai ɗakunan kwana irin su Amina na mata, da Ɗanfodiyo da Akenzua da ICSA/Ramat na maza, amma gadaje ba sa kai yawan ɗalibai, kamar yadda yake a manyan jami'o'in tarayya. Da an buɗe neman gado a intanet, ka nema a ranar. Zaman hostal akwai cunkoso da hayaniya, amma kana kusa da aji da masallaci, kuma karatun dare ba ya yi maka wuya.

Wanda bai samu ba sai haya a Samaru, Hayin Dogo, Ɗanraka, Zango ko Palladan. Kar ka biya kuɗi sai ka tambayi 'yan hayan da ke ciki, ba dillali ba: rijiya ce ko famfo, tana ƙafewa da bazara, yaya wuta take, ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida, kuma nawa ne kuɗin acaba zuwa get. Ka kuma taho da bargo, domin hunturun Samaru a Disamba da Janairu ba ya wasa da mai lakcar safe.

Mataki na biyar: zaɓi jama'arka da lissafi

Yaron da ya taso bai taɓa zama da wanda ba Bahaushe ba, a ABU zai kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe da Tibi da ɗan Kudancin Kaduna, ya koyi buroka ko bai so ba. Wannan ma karatu ne, kuma yana cikin abin da ke sa ɗan ABU ya iya zama ko'ina a ƙasar nan. Ƙungiyoyi kuwa ba iyaka: MSSN ta ɗalibai Musulmi, FCS ta Kirista, ƙungiyar 'yan jiharku, ta sashenku, ga siyasar majalisar ɗalibai. Ka fara da ta sashe, don a nan ake samun tsofaffin tambayoyin jarrabawa da darasin ƙari da manya ke yi wa ƙanana, sai ta addini ko ta jiha. Takara da kamfen su jira aji biyu. Duk wanda ya ce zai shigar da kai wata ƙungiya da dare a ɓoye, ka guje shi, hukuncin shiga ƙungiyar asiri kora ce.

Dalilin wannan taka-tsantsan lissafi ne. Makin digiri tarawa ake yi tun daga zangon farko, a kan ma'aunin 5.00. Daraja ta ɗaya na farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Kowane kwas da nauyinsa, faɗuwa a mai nauyi uku ta fi ta mai nauyi ɗaya ciwo, ga kari-oba, wato maimaita darasin da ka faɗi, da zai biyo ka shekara mai zuwa ya yi karo da sababbin lakcoci. Wanda ya yi wasa a aji ɗaya ya tashi da 2.00, ko da ya dage daga baya, da ƙyar yake leƙa 3.50, saboda tsohon makin na nan cikin lissafi har ranar yayewa.

Mataki na shida: lokaci da kuɗi

Jami'ar tarayya ta fi ta kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba, amma tana cikin ASUU. Yajin aikin 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 wata takwas. Ka zauna da Baba ku yi lissafi da wannan a rai, ku haɗa da haya da abinci da kuɗin mota. Ka nemi tallafin karatu na jiharku, ka kuma duba bashin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024.

Mataki na bakwai: cike fom

Ka tabbata darussan da ka zaɓa a JAMB su ne kwas ɗin ke buƙata, kuma kana da kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, da lissafi in kwas ɗin na buƙatarsa. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na masu maki mafi yawa ne, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Bayan tantancewar jami'a, gurbi ta manhajar CAPS ta JAMB yake fitowa, kai da kanka za ka shiga ka danna amincewa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya sa sunanka a jeri, ɗan damfara ne.

In bana ba a dace ba, akwai makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa, akwai kuma IJMB, jarrabawar da ABU ɗin ce ke gudanar da ita, wadda mai maki mai kyau ke shiga aji biyu kai tsaye da ita. Wanda ya yi difloma a kwalejin Nuhu Bamalli ko ya yi NCE shi ma yana iya neman shiga kai tsaye, da sharaɗin ya sayi fom ɗin JAMB na masu wannan hanya a shekarar da yake nema.