Yadda ake warware ikweshan mai y'' idan an kafa sharaɗi a iyakoki biyu

Ɗalibaina kan ɗauka cewa muddin an ba su sharaɗi biyu, amsa ɗaya tak za ta fito. Haka ne idan duka sharuɗɗan a wuri guda suke, wato an faɗi y da y' (saurin canjin y, shi kuma y'' saurin canjin y' ne) a x = 0. Amma idan ɗaya yana wannan bakin, ɗayan yana wancan, to a yi hattara.

Mu ɗauki y'' + 4y = 0. Ka ƙaddara y = e^(rx), ka zuba shi ciki, za ka samu r² + 4 = 0, wato r = ±2i. Tunda i (wato √−1) ta shigo, amsar gama-gari ita ce y = A cos 2x + B sin 2x. Da r biyu ne na zahiri mabambanta, da sai Ae^(r₁x) + Be^(r₂x). Da guda ce ta maimaitu, da sai (A + Bx)e^(rx). Kada ka taɓa sharuɗɗan sai wannan ta kammala, har da amsar musamman idan hannun dama ba sifili ba ne.

A ce y(0) = 1, y(π/4) = 3. Na farko ya ba ka A = 1. A π/4, cos 2x ya zama sifili, sin 2x ya zama 1, don haka B = 3. Shi ke nan. Kalkuleta dai ta kasance a radiyan, don Allah.

Yanzu matsar da iyakar zuwa π/2, wato y(π/2) = 3. Sin π sifili ne, B ya ɓace ɗungurungum, abin da ya rage shi ne −1 = 3. Babu amsa, kuma ba kuskurenka ba ne. Rubuta hakan ka wuce. Da an ce y(π/2) = −1, kowane B zai yi, amsoshi ba iyaka.

Wannan na ƙarshen na fi so, domin da shi Leonhard Euler ya gano nauyin da ke lanƙwasa ginshiƙi a 1744. Ikweshan ɗin EIy'' + Py = 0 ne, da y(0) = y(L) = 0, inda y yawan lanƙwasa ne, P nauyin da aka ɗora, L tsawon ginshiƙin, EI kuma taurinsa. Amsar gama-gari ita ce y = A cos kx + B sin kx; sharaɗin farko ya ba da A = 0, saura B sin kL = 0, inda k² = P/EI. Mai gaggawa sai ya ce B = 0 ya tashi, alhali wannan ginshiƙin da ke tsaye ƙyam ne kawai. Bar B, ka sa kL = π, sai P = π²EI/L² ta fito. Ninka tsawon ginshiƙin, nauyin da zai iya ɗauka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.