Yadda malamai da ma'aikatan asibiti zasu tallafi matashin da damuwa ta kama

Wannan rubutun naku ne malaman sakandare da na Islamiyya, da matan da ke kula da ɗalibai a hostel, da nas-nas da ma'aikatan asibitin unguwa, wato mutanen da yaro ke wucewa ta gabansu kullum tun kafin wani likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi, in ma zai taɓa ganinsa ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya WHO tace cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsalolin kafin shekara 14 suke somawa. Toh ka dubi ajinka mai ɗalibi saba'in ko tamanin kayi lissafin da kanka. Ba cewa ake ka koma likita ba, aikinka ka gane yaron, ka iya yi masa magana ba tare da ka ƙara rufe masa baki ba, sannan ka san hannun wa zaka miƙa shi. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko, ka lura da canji. Canji fa nace, ba hali ba. Yaron da tun aji ɗaya dama shiru-shiru ne ba lallai akwai matsala ba, amma wadda da take cika aji da surutu yanzu ta koma bencin baya ta kifa kai, ko wanda yake zuwa na uku yanzu ko littafi baya buɗewa, ko ya rame, ko kullum barci a aji, ko ya daina zuwa ƙwallon da ada ko zazzaɓi yake sai yaje, wannan shine abin dubawa. Idan abin ya kai sati biyu a jere yana cikin ƙunci ko babu abinda ke masa daɗi, likitoci daga nan suke fara tunanin ciwon damuwa. Kuma a matasa ba kullum yake zuwa da kuka ba, sau da yawa da fushi yake zuwa, saurin hasala, rashin kunya ga malami, faɗa da kowa, mu kuma abinda muka sani bulala, sai a zane yaron a asambili a ce an yi maganin iskanci.

Ku na asibiti kuwa naku yafi wayo, don matashi ba zai zauna yace miki Sista ina cikin damuwa ba. Cewa zai yi kaina na ciwo, ƙirjina na bugawa, wani abu na min yawo a jiki, tsakiyar kaina zafi, bana iya barci. Sai a rubuta maganin maleriya, bayan sati biyu ya dawo a ce taifot ne, ya kuma dawowa a ce olsa. Idan kin ga fuska ɗaya tana ta dawowa da ƙorafin da gwaji bai nuna komai ba, ki ajiye biro ki tambayi yadda gida yake.

Na biyu shine wuri da lokaci. Kar ka kira yaro sitaf rum gaban malamai goma kowa ya baza kunne, kar kuma ka aika monita ya shiga aji yana shelar wane kazo malamin gaidans na kiranka, kafin ya iso rabin makaranta sun gama ƙirƙirar labari. Ka same shi bayan an tashi ko lokacin tara. Idan kai namiji ne ita mace, ku zauna inda ana hangoku amma ba a jin me kuke cewa, ko ka haɗa ta da malama mace da ta yarda da ita, wannan kariya ce gareta kuma kariya ce gareka.

Na uku, kuma anan yawancinmu muke ɓata rawarmu da tsalle, shine yadda zaka buɗe maganar. Kar ka fara da me ke damunka, amsar da zaka samu ita ce ba komai Malam, kuma daga nan an rufe shafin. Ka fara da abinda idonka ya gani. Ɗana, kwana biyu na ga ba ka shiga cikin abokanka, kuma naga kana yawan kifa kai, shine nace bari in ji ko lafiya. Ko kuma, 'yata, ba laifi kika yi ba, ki kwantar da hankalinki, kawai dai na ga kin canza ne. Sai kayi shiru. Shirun nan yana da wuya wallahi, musamman ga malami da ya saba shi ke magana minti arba'in ana saurarensa, amma ka daure, yaron da aka rena akan baya kallon idon babba kuma baya mayar da magana ba zai buɗe cikinsa cikin minti biyu ba. Idan yace ba komai, kace toh shikenan, ina nan ranar Laraba bayan an tashi in kana son magana, kuma ranar Larabar ka kasance a wurin da gaske.

Idan ya fara magana, ka riƙe wa'azinka tukuna. Kai da kake ci kake sha me zai dame ka, ai ƙuruciya ce, rashin tawakkali ne, mu da muka taso a wahala bamu mutu ba, kaje kayi ta istigfari, duk waɗannan abinda yaron ke ji a cikinsu shine an ce ƙarya yake ko imaninsa ne da rauni. Ni bance kar a tuna masa Allah ba, addu'a da sallah suna riƙe mutane da yawa kuma yaron ma kansa zai so hakan, amma a bari ya gama faɗin abinda ke ransa, kaji an raba iyayensa ne yana hannun matar uba, ko JAMB ce ya faɗi sau biyu ƙannensa sun wuce shi, ko aure ake shirin yi mata da wanda bata so, ko wani ne yake riƙe da hotonta a waya yana mata barazana. Kowanne cikin waɗannan hanyarsa daban, kuma bazaka san wanne bane in ka riga shi magana. Ka riƙa maimaita masa abinda ka fahimta a taƙaice, wato kenan tunda Baba ya rasu barci ya ƙaurace maka, sai ya gyara maka in ka kuskure.

Akwai yaran da suka ga tashin hankali da idonsu, waɗanda suka taso a Borno da Yobe, ko waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Zamfara da Katsina, ko irin ɗaliban da aka kwashe a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021. Irin waɗannan kar ka matsa musu sai sun baka labarin dalla-dalla, WHO ma ta hana wannan tilastawar don tana iya ƙara dagula abin. In yaso ya baka labarin ka saurara, in bai so ba ka tambayi barcinsa, firgita cikin dare, da ko yana da wanda yake jin kwanciyar hankali a wurinsa.

Na huɗu, sirri. Tun farko ka faɗa masa gaskiya, abinda ka gaya min ba zai fita ba, sai dai in naga rayuwarka ko ta wani na cikin haɗari ko wani yana cutar da kai, a nan dole in nemo wanda zai taimaka mana, kuma kai zan fara sanarwa kafin in gaya wa kowa. Kar ka rantse masa cewa ba wanda zai ji ko menene, don ranar da ya ce maka wani babba a gida yana taɓa shi bazaka iya cika wannan rantsuwar ba. Sannan dan Allah abin kar ya zama hirar sitaf rum. Yaro ɗaya aka tona wa asiri, sauran ɗari biyar sun gama yanke shawarar bazasu taɓa zuwa wurinka ba.

Na biyar shine tambayar da kowa ke tsoro. Idan kaji yana cewa gara ma in mutu in huta, ko ni nauyi ne a gidanmu, ko ka ga yankan reza a hannu, ko yana rabar da kayansa, ka tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa, kana tunanin kashe kanka ne? Mutane na ganin kamar tambayar ce zata saka masa tunanin, bincike ya nuna ba haka bane, yawanci ma sauƙi yaron ke ji don an samu wanda bai firgita ba. Kar ka zabura da subhanallahi wuta zaka shiga, ya san hukuncin, ba jahilcinsa ne ya kai shi nan ba. Idan yace eh, ka tambaya ko ya shirya yadda zai yi, ko ya taɓa gwadawa. In akwai shiri ko ya taɓa yi, kar a barshi shi kaɗai ko na ɗan lokaci, a kira babban da ya yarda dashi, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar ba gobe ba. In har ya riga ya sha wani abu, kar a tsaya ɗura masa manja ko madara ko sa shi amai, a ɗauki kwalbar a ruga dashi asibiti mafi kusa.

Na shida, iyaye, kuma wannan sai da dabara. In ka aika takarda gida cewa ɗanku na da matsalar ƙwaƙwalwa, abinda uba zai ji shine an ce ɗansa mahaukaci ne, in mace ce kuma uwa ta fara tunanin wa zai aure ta in maganar ta fita. Ka nemi ganinsu ido da ido, ka gaisa yadda ya kamata, ka fara da alherin yaron. Alhaji, yaron nan naka mai hankali ne shi yasa abin ya dame mu, baya barci, baya cin abinci, karatunsa ya ja baya, muna so likita ya duba shi kamar yadda za a duba shi in hawan jini ne. Kalmar taɓin hankali ka ajiye ta gefe. Kuma ka tambayi yaron tukuna wa yake so a fara gaya wa, wani lokacin kawu ko yaya ko kaka sun fi uban sauƙin shiga, wani lokacin ma uban ne matsalar.

Zasu ce maka iska ce, ko sammu aka yi masa, ko jifa. Kar ka tsaya musu, ba zaka ci wannan gardamar ba kuma in ka ci ma ka rasa yaron. Kace Hajiya a ci gaba da ruƙiyya da addu'a, amma a haɗa da asibiti, ai neman magani ma umarni ne. Inda zaka tsaya da ƙafarka shine duka da sunan fitar da aljani, hayaƙi a rufaffen ɗaki, hana abinci, da ɗaurin mari. Duk mun ga abinda aka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019. Yarinyar da ke faɗuwa tana sandarewa a aji kuma tana iya zama farfaɗiya ce, wadda ke da magani mai sauƙin kuɗi, don haka a bar likita ya tantance.

Shaye-shaye ma ta nan yake shigowa. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya kusan miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. In ka kama yaro da tiramol ko wiwi, kafin a kai ga kora ka tambayi yaushe ya fara kuma me yake samu in ya sha, zaka sha mamakin yawan masu cewa don in samu barci ne ko don in daina tunani.

Na bakwai, ka san inda zaka tura shi tun kafin buƙatar ta taso. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, sannan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen masu wannan lalura. Da yawa iyaye sun fi yarda da asibitin koyarwa ko babban asibitin gari don ba wanda zai ce an gan su a asibitin mahaukata, in hakan ne zai sa su je toh a fara ta can. Wanda ke jin muryoyi, ko yake maganar da bata haɗuwa, ko ya kwana uku ba barci yana ta zuba da ƙarfin da ba nasa ba, ko ya daina ci da sha, wannan ba na jira bane. Ka rubuta 'yar takarda da abinda ka gani da ranar da ya fara su tafi da ita.

Ma'aikatan asibitin matakin farko, akwai littafin jagora na WHO mai suna mhGAP da aka yi musamman don waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, kyauta ne a intanet kuma har manhajar waya yana da ita, ku sauke. A ciki zaku ga cewa ba a ba yaro ƙasa da shekara 12 maganin ciwon damuwa, matashi ma ba da ƙwaya ake fara masa ba sai da shawarar ƙwararre, don haka a daina rubuta maganin barci don a sallami layi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mai wannan lalurar haƙƙin a kula dashi da mutunci ba tare da wariya ba, kuma yaro ma yana ciki.

Na ƙarshe, bibiya. Turawa asibiti ba sallama bace. Bayan sati ka tambaye shi an je kuwa, me likita yace, maganin na sa shi barci a aji ne. In haka ne kayi magana da fom masta a sassauta masa, a ɗaga masa tes, a daina tsayar dashi a rana don makara. Ku kuma shugabannin makarantu da incajin asibiti, malamin gaidans da aka ɗora wa darasi ashirin a sati ba shi da lokacin sauraron kowa, ku rage masa, ku bashi ɗaki mai ƙofa da kabad mai makulli na ajiye bayanan yara, ku manna lambar asibitin da ake turawa a bangon ofis, sannan ko sau ɗaya a wata ku zauna dashi ku ji shi ma yaya yake, don wanda ya wuni yana jin labarin fyaɗe da mutuwar iyaye shima sai ya koma gida ya kasa barci.