Kek ɗin sitiroberi a tukunyar yashi

Tun dare ki zuba kindirmo a ƙyalle mai tsabta, ki rataye ya tsane. Da safe zai yi kauri kamar cuku.

Ki buga bota da sukari, rabin kofi kowanne, har su yi fari. Fasa ƙwai 3, zuba fulawa kofi ɗaya da rabi da bakin hoda ƙaramin cokali 1.

Zafafa yashi a tukunya, ki ɗora gwangwanin kwaɓin da kika shafa wa mai, ki rufe, ki sa ɗan garwashi bisa murfi. Bayan minti 40 soka tsinke. In ya fito busasshe, ya gasu.

Sai ya huce sarai ki shafa kindirmon da sukari, ki jera yankakken sitiroberin Jos. Ba ya jure zafinmu, ku cinye a ranar.