Yadda ake fara aiki da tsohon injin sassaƙa rubutu na hannu

Injin da ake nufi shi ne mai hannaye huɗu a haɗe, irin su New Hermes da Gravograph, wanda ake bin harafin tagulla da tsinke a gefe ɗaya, wuƙa kuma tana yanka irinsa ƙarami a ɗaya gefen. Da shi ake yin allon suna na ƙofar ofis da bajen ƙirji da lambar makullin otal.

Kafin a kai shi kusa da soket, a karanta farantin da ke jikin moto. Da yawa daga Amurka suka fito, wutarsu bolt 110 ce, tamu kuwa 230. Idan babu taransifoma mai rage wuta a tsakani, moton zai ƙone nan take.

Sai wanki. Ƙurar hunturu a Sakkwato tana shiga gaɓoɓin hannayen, ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar yashi. A goge da kananzir da buroshi, a bar shi ya bushe, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Daga nan a riƙe tsinken da hannu ɗaya kada ya motsa, a girgiza kan wuƙar da ɗayan. Idan ya yi lilo, akwai sako-sako a gaɓa ko boris ya ci, kuma duk harafin da za a yanka zai fito da karkarwa, bakin O ba zai haɗu ba. A ɗaure sukurorin gaɓa kaɗan-kaɗan har lilon ya tafi, amma hannun ya ci gaba da tafiya ba tare da an tura da ƙarfi ba. Bel ɗin moto da zafin bazara ya tsattsage a sauya shi kawai.

Girman rubutu daga lambobin da ke jikin hannayen yake fitowa. Harafin tagulla mai tsayin milimita 30, idan aka saita a kan 3, zai ba da harafi mai milimita 10. A kan 6 zai ba da 5. A injin da ke da wurin saiti fiye da ɗaya, dole duk su tsaya a lamba ɗaya daidai kan layi, in ba haka ba rubutun zai karkace. Faɗin bakin wuƙa kuma ya zama kusan kashi ɗaya cikin takwas na tsayin harafin: milimita 10 na son wuƙa mai kimanin 1.2. Wuƙa mai faɗi a ƙaramin harafi tana cinye cikin A da B.

Zurfi shi ne inda yawancin masu koyo ke ɓata kaya, don haka a natsu a nan. A ƙasan kan injin akwai hanci mai rami da wuƙar ke leƙowa ta ciki, shi ne yake zama a kan allo. A sassauta wuƙar, a sauke hancin a kan ƙarfe mai sulɓi, a bar wuƙar ta sauko har ta taɓa ƙarfen, a ɗaure. Wannan shi ne sifili. Sai a juya ma'aunin hancin don wuƙar ta leƙo. Robar alama mai launi biyu fatar samanta siririya ce, zurfin milimita 0.25 zuwa 0.3 yakan isa launin ƙasa ya fito. A gwada a guntun da ya rage tukuna, kada a fara da allon mai kaya.

A jera haruffan tagulla a cikin layinsu, a matse su da maƙalai ta hagu da dama, a tabbatar tsakiyar kalmar ta dace da tsakiyar allon. A bi rubutun sau ɗaya wuƙa na sama, a ga farkonsa da ƙarshensa sun bar fili daidai. Yanzu a kunna. Hannun dama ya bi harafi da tsinke, na hagu ya danna wuƙa, kuma a ɗaga wuƙar kafin tsinken ya bar harafi. Wanda ya manta zai ja layi a tsakiyar allo, kuma ba ya gyaruwa.

Idan roba na narkewa tana mannewa, wuƙa ta dakushe ko ana tafiya a hankali fiye da kima. Idan inuwa ta bayyana a gefen haruffa, ɓarɓashi ne ya shiga ƙarƙashin hanci yana goge fuskar allon, sai a riƙa sharewa bayan kowane harafi a kuma rage dannawa. Allon tagulla kuwa ba a yanka shi a tashi ɗaya: a bi sau biyu ko uku ana ƙara zurfi kaɗan, da tabarau a ido saboda ɓarɓashin ƙarfe. Bayan nan a cika ramin da fentin mai, a kwashe na sama da gefen kwali, a bar shi ya sha iska kafin a goge saura da ƙyalle mai ɗan kananzir.