Da sanyi ake shirin CAP: yadda malamin lakkol zai raba shekararsa

Duk shekara idan aka koma lakkol a watan Oktoba, kafin in raba alli da rajista, nakan tambayi kowane malami: bana me kake nema wa kanka? Ba zancen yara nake ba, nasu yana cikin tsarin karatu. Amsar da na fi ji daga matasa ita ce, "Madam darakta, so nake in ƙara ilimi." Wasu kuma su jero mini biyar ba ko numfashi: CAP (takardar ƙwarewar koyarwa), lisans a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, konkur (jarrabawar gasa) na shiga ENS (babbar lakkol ɗin horar da malamai), koyon kwamfuta, ga ɗaki da ake son rufewa kafin damina. Babu wadda nake karɓa cikin amsoshin nan. Ta farko ba ta da ranar da za a ce ta cika. Ta biyu kuwa, taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar.

Zaɓi takarda ɗaya, mai suna, mai lokacin jarrabawa. In ka fito ENI Kaocen, lakkol ɗin horar da malamai ta nan Tawa, kana riƙe da aji, abin da ke gabanka sananne ne: CEAP (ta mataimakin malami) ko CAP, gwargwadon matakin da ka shigo da shi. In ka wuce nan, to sai konkur na ENS ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, inda ake horar da konseye (mai ba malamai shawara) da ansifekta. Kafin ka sayi littafi ko ɗaya, taka zuwa ofishin ansifekta ka nemi sanarwar bara ka karanta da idonka: shekara nawa na aiki ake bukata, waɗanne takardu, wane wata aka rufe karɓar dosiye. Kada ka dogara da "an ce" na WhatsApp. Na ga wanda ya yi wata huɗu yana karatun konkur ɗin da shekarun aikinsa ba su kai ya shiga ba.

Yanzu ɗauko kalanda. A takarda shekarar karatu wata tara ce, Oktoba zuwa Yuni. A Adar ba haka take ba ga mai neman karatun kansa. Oktoba ba naka ba ne: ana ɗaukar ƴan CI (ajin farko), ana neman yaran da har yanzu suna gona wajen girbi, a ƙauyuka da yawa ajin zana yana jiran a gama yanke kara kafin a kafa shi, kai kuma kana fama da jadawali da rabon darussa. Daga tsakiyar Maris zafi ya fara. Afrilu da Mayu rana takan wuce digiri 40, ka fito aji kanka na sarawa, dare ya yi ɗaki ba ya shiguwa, wuta ma takan ɗauke. A cikin wannan zafin ne kuma kompozisiyo na ƙarshe da bitar ƴan CM2 (aji shida) suke faɗowa. Me ya rage? Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu. A cikinsu ne kai yake sanyi, dare yake da tsawo, aji ya zauna. Wanda ya bari watannin nan suka wuce yana cewa "sai jarrabawa ta matso" ya riga ya sayar da shekarar.

Akwai kuma azumi. Na 2025 ya kama farkon Maris, na 2026 ya kama bayan tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Wato a shekarun nan yana cin wutsiyar sanyin da muke taƙama da shi. Da azumi ga tafsiri, ga asham, ga girkin buɗa-baki, barci ya ragu. Kada ka ɗora wa watan karatu sabo. Bar shi ga maimaita abin da ka riga ka sani, bayan sahur, minti talatin ya isa.

Mu yi lissafi. Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu mako 17 ne. Awa ɗaya a rana, kwana biyar a mako, awa 85 ke nan. Cire suna da biki da ta'aziyya da zazzaɓi da baƙon da ya sauka ba sanarwa, za ka tsira da wajen 60. Kada ka raina su. Awa 60 da aka zauna da biro a hannu sun fi kwana goma na rashin barci a jajibirin jarrabawa. Sai ka rubuta su a kaye daban, mako-mako, da fensir saboda za ka goge.

Wace awa? Ni dai bayan sallar asuba nake ba kowa shawara. Da dare ka riga ka ƙarar da muryarka da haƙurinka a kan yara saba'in, kana buɗe littafi barci zai ɗauke ka. Da asuba ba mai sallama, waya ba ta fara ƙara ba. Ajiye ta ma a wani ɗaki. Ku maza, ban ce ku bar fada ba, na san can ake jin labarin gari, can ake rage gajiya. Amma shayi na farko da na biyu da na uku awa biyu ne cur. Sha na farko ka yi musu sai da safe, ka kwanta da wuri. Za su yi maka tsiya mako ɗaya, su saba.

Ke kuma ƙanwata, na san asubarki ba taki ba ce. Ga kunun yara, ga wanka, ga shirin maigida. Abin da na ga yana yi wa mata aiki shi ne su zauna cikin aji bayan an tashi, minti arba'in, ƙofa a sakaye, kafin su kama hanyar gida. Da kin taka ƙofar gida an gama, wani zai kira ki. Yi magana da maigidanki tun Oktoba, ki faɗa masa watanni nawa ne, da abin da takardar za ta ƙara wa albashi. Wata huɗu masu iyaka sun fi saukin amincewa a kan "ina karatu" da ba a san ƙarshensa ba. In akwai ƙanwa ko ɗiyar ƴar'uwa a gidan, a raba aikin a fili, kowa ya san nasa.

Sai babban mai cinye lokacin malami, wato fish (takardar shirya darasi) da gyaran kaye. A nan zan daɗe, don a nan ake samo awannin da ake cewa babu.

Yawancin matasa kullum da dare suke rubuta fish ɗin gobe, a gaggauce, su kai wa darakta ya sa hannu da safe, bayan darasi kuma takardar ta ɓace cikin jaka ko ta zama abin ƙunshe ƙosai. Baɗi a sake daga farko. Daina haka. Ware safiyar Asabar, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, ka shirya manyan darussan mako gaba ɗaya: karatu, nahawu, lissafi. Ban ce Lahadi ba, kowa ya san Lahadi kasuwar Tawa ke ci, ga cefane, ga dangi daga ƙauye sun shigo. In ka shirya darussan lissafi biyar a zama ɗaya, na biyu yana fitowa daga na farko, ba ka sake neman inda ka tsaya. Bayan ka koyar, rubuta layi biyu a ƙasan fish ɗin da jan biro: ina yara suka tsaya, wane misali ya shiga, wane ne bai shiga ba, minti nawa ka zarce. Nemi katon, ka jera su fanni-fanni. Sannan ka roƙi daraktanka ya bar maka aji ɗaya shekara biyu a jere. Ni ina yarda da wannan roƙon in na san malami na shirin jarrabawa, don a shekara ta biyu gyara kawai zai yi, rabin aikin ya sauka. In lakkol ɗinku na da CE1 (aji uku) guda biyu, ku raba: kai ka shirya lissafi, abokin aikinka ya shirya faransanci, ku musanya, amma kowa ya karanta ya daidaita da yaransa kafin ya shiga aji. Kwafe fish ɗin wani ba tare da dubawa ba, ansifekta yana gane shi cikin minti biyar.

Kuma ka lura, wannan aikin ba ya rage maka lokacin shirin CAP, shi kansa shirin ne. Jarrabawar ba a takarda kaɗai take ba. Akwai ranar da masu dubawa za su zauna a bayan ajinka su ga yadda kake koyarwa, su buɗe rajistarka da kayen yara, su yi maka tambayoyi. Malamin da ya yi wata huɗu yana rubuta dalilin da ya sa darasinsa ya tafi daidai ko ya karkace, ba ya rasa abin faɗa a ranar.

Gyaran kaye kuwa, kada ka riƙa ɗaure saba'in a bayan babur kana kai gida. A lissafi da ka, yi aiki da ardwaz, dabarar La Martinière da aka koya mana a ENI: ka faɗi tambaya, ka buga tebur su rubuta, ka sake bugawa su ɗaga. Kallo ɗaya ka san wa ya gane. Lokacin da suke aikin rubutu, zagaya da jan biro kana gyarawa a tsaye. Abin da ya rage, layi ɗaya a rana: Litinin na bakin ƙofa, Talata na kusa da shi, har Juma'a. Kowane yaro an duba kayensa da kyau sau ɗaya a mako, kai kuma marecenka ya dawo hannunka.

Me za a zuba cikin awannin asuba? Kada duka su tafi a karatu. Abin da ke kayar da mutane a rubutacciyar jarrabawa shi ne rashin sabo da rubutu. Mutum ya san matakan girman tunanin yaro na Piaget, ya haddace su sarai, amma a ba shi tambaya a ce ya tattauna, sai ya cika shafi uku bai taɓa tambayar ba. Duk mako biyu rubuta disertasiyo (rubutun tattauna tambaya) ɗaya cikakkiya, da agogo a gabanka, ranar da ba aji. Kai wa wanda ya riga ya ci ya duba maka, ka ce kada ya ji kunyarka. Tsofaffin tambayoyi suna hannun tsofaffin malamai, a taron CAPED (taron ƙara wa juna sani na malamai) za ka same su. Maimakon ka sa hannu a takardar halarta ka zauna baya kana latsa waya, tafi da tambaya ɗaya da ta gagare ka. Ware rana ɗaya a mako ga dokokin aiki, ka fara da LOSEN, doka mai lamba 98-12 ta 1 ga Yunin 1998, wadda ta tsara ilimi a Nijar. Wata rana kuma ga faransanci da lissafi tsantsa. Waɗanda suka ga gwajin ilimin da aka yi wa malamai ƴan kwantaragi a 2017 sun san abin da nake nufi. Ɗauki littafin CM2 ka yi dikte da lissafin da ke ciki, kai kaɗai, ba wanda ya gan ka. Ba abin kunya ba ne.

Ƙungiyar karatu tana da amfani in ba ta wuce mutum uku ba. Ta kai goma, an koma fada.

Dosiye kuma kada ya jira sanarwa. Takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kwafin difloma, duk ka kai a buga musu hatimi tun konjen ƙarshen Disamba, ka sa a ambulan guda. Kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka) ne kaɗai za ka jinkirta, don ana son wanda bai wuce wata uku ba. Amma ka san tun yanzu kotun da za ka nema, musamman in ba a nan aka haife ka ba. Tambur da hoto da kuɗin rajista ba su da yawa ɗaya-ɗaya, sai sun haɗu a makon da kuɗin wata bai shigo ba. Ajiye jika biyu duk wata daga Oktoba. In konkur ɗin a Yamai ne, tafiyar ta haura kilomita 500, wuni guda ce a mota ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ga masauki, ga kuɗin kabu-kabu. Rubuta takardar neman izini da wuri ta bi ta hannun darakta.

A nan zan sa hular darakta in faɗi wadda ba ta da daɗi. Ban yarda malami ya cika allo da rubutu, ya ba babban yaro bulala, shi ya zauna a tebur yana karatun lisans ba. Lokacin yaran ne, iyayensu sun hana su talla da kiwo sun turo su. Wanda ya shiga jami'a yana koyarwa, ya duba jadawalin can tun kafin ya biya rajista. In ya ci karo da na aji, a zauna da darakta a nemi mafita a fili, ko a ɗaga zuwa baɗi.

Tsarin zai karye, wannan ba shakka. Shi ya sa nake cewa a bar makon ƙarshe na kowane wata fari, ba sabon abu, sai cike giɓi. Ƙarshen wata buɗe kayen ka ƙirga: awa nawa na zauna, disertasiyo nawa na rubuta. In Janairu ya ƙare ba ka kai huɗu ba, kada ka ƙara awa, rage abin da ka ɗauko. Bar babi biyu da ba su cika fitowa ba, ka riƙe rubutun.

Da zafi ya shigo, rufe sabon karatu. Afrilu da Mayu na maimaici ne da gyaran aji: rajistar kira ta cika har ranar, rabon darussa na wata yana manne a bango, kayen yara duk da jan biro a ciki. Roƙi darakta ko konseye ya shigo ya zauna a baya ya kalli darasi ɗaya daga farko har ƙarshe, da agogo, ba tare da ka gaya wa yara za a yi baƙo ba. Bayan mako biyu ya sake dawowa, a wani fannin.